Kamshaf Na Tsere Ko Na Jan Kaya? Bayani Ga Masu A-kori-kura A Ƙasar Gobir

Ɗalibin sashen injiniyan kanikanci da ya fito daga gabashin Sakkwato ya san yadda abin yake. Da ka koma gida hutu ka zama "Injiniya", ko da kuwa yanzu ka shiga ND 1. Kawu zai kira ka ka duba janareto, maƙwabci ya turo injin ban-ruwa, direbobin tasha kuma su tare ka da tambayoyi. Tun da wayar hannu ta kawo bidiyon garejojin Amurka da Dubai har cikin tashar Sabon Birni da ta Isa, wata sabuwar tambaya ta shigo layi: "Injiniya, motag ga ba ta da ƙarhi in ta ɗau kaya. An ce akwai wani kamshaf na tsere da aka sa ma mota ta koma zaki. Mi kac ce?"

Amsar a gajarce ita ce, kamshaf yakan yi ƙaura da ƙarfin inji ne daga wani mataki na gudu zuwa wani. Abin da ya ƙara maka a sama, daga ƙasa ya ɗebo shi. Motar da ke jan kaya kuwa a ƙasa take rayuwarta. Saboda haka kamshaf ɗin tsere a cikin a-kori-kurar kaya daidai yake da ɗaura wa dokin sukuwa amalanke. Sai dai direba ba zai gamsu da karin magana ba, yana son dalili. Dalilin ne za mu bi daki-daki.

Aikin da motar ke yi a nan

Kafin a zaɓi kowane ƙarfe, a dubi aikin. A-kori-kurar da ke bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, ta wuce Isa ta nufi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, buhunan gero da wake da albasa take ɗauka, a bisansu kuma ga mutane. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne don kayan da bai wuce tan ɗaya ba, wato buhu goma masu kilo 100. Kowa ya san ba a nan ake tsayawa ba. Buhu ashirin ya zama tan biyu tun kafin fasinja ya hau. Ban da wannan, motar ce ke jan tankin ruwa, ita ke jan injin casa zuwa gona, ita kuma ake kira ta jawo 'yar'uwarta da ta mutu a hanya.

Sannan ga ƙasar kanta. Da ka sauka daga kwalta sai yashi, da damina kuma laka a fadamar Rima da ta Bunsuru, ga hawa daga gindin gulbi zuwa tudu. A irin waɗannan wurare direba yana giya ɗaya ko biyu, injin yana juyi tsakanin 1,500 da 3,000 a minti. Da wuya ka ga allurar ta haura 4,000.

Akwai kuma abin da ba sai an faɗa wa ɗan yankin ba. Motar da ta kafe a yashi ko ta mutu tsakanin gari da gari a wannan hanya, ba asarar lokaci kaɗai ta jawo ba. Rayukan da ke bayanta ne a fili, a inda 'yan bindiga ke tare hanya. Wannan ya sa zancen kamshaf a nan ya wuce na ado ko burge abokai.

Mene ne kamshaf, me yake yi?

Injin mota mai bugu huɗu yana maimaita abu huɗu ne: fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tunkuɗo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu, bawul na shiga da bawul na fita. Mai gadin waɗannan ƙofofi shi ne kamshaf: sandar ƙarfe ce mai ƙulle-ƙulle a jikinta kamar tozon sa. Idan ta juya, tozo ya danna bawul ya buɗe. Idan tozo ya wuce, sifirin ya mayar da shi ya rufe.

Kiranshaf ne ke juya kamshaf ta hanyar sarƙa ko bel ko haƙoran giya, kuma sai kiranshaf ya zagaya sau biyu, digiri 720 ke nan, kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya. Siffar tozon ce ke yanke hukunci uku: yaushe bawul zai buɗe, nisan da zai buɗe, da kuma yaushe zai rufe. A tsofaffin injuna wannan hukunci a sassaƙe yake cikin ƙarfe. Ko injin yana silo ko yana kururuwa, tozo ɗaya ne ke aiki. Don haka maƙerin inji dole ya zaɓi matakin gudun da zai fifita, ya haƙura da sauran.

Murɗa da doki

Abu biyu ake aunawa a ƙarfin inji, kuma rikita su ne tushen yawancin asarar da ake yi. Na farko ƙarfin murɗa, wanda ake ƙirgawa da niyuton-mita: shi ne irin ƙarfin da kake sawa a kan sifana idan noti ya cije. Na biyu ƙarfin doki, awon da James Watt ya fito da shi don ya kwatanta injinsa na tururi da dawakai. Doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Alaƙarsu lissafi ne da muka yi a aji: ka ninka murɗa da yawan juyi a minti, ka raba da 9,550, sai ka samu kilowat.

Ɗauki injin 22R na tsohuwar Toyota Hilux, mai cc 2,366. Yana ba da murɗa mafi girma ta wajen niyuton-mita 175 a kusan juyi 2,800, dokinsa kuma ba ya kusantar 100 sai ya kai juyi 4,800. Duba inda murɗar ta fi kauri: daidai inda direban kaya yake yini. Ba haɗari aka yi ba, da gangan aka yanka tozayensa haka.

Lissafin nan yana tona asirin talla. Tunda doki murɗa ce sau juyi, ana iya ƙara yawan doki ta hanyar sa injin ya iya numfashi a juyi 6,000, ko da murɗarsa a juyi 2,000 ta ragu. A takarda lamba ta hau. A gindin gulbi da buhu goma sha biyar da tirela a baya, motar ta fi da rauni. Abin da ke tayar da kaya daga tsaye murɗa ce a ƙaramin juyi. Takarkari ake nema a wurin nan, ba ingarma ba.

Lambobin da ke kan kwali

Duk kamshaf na kirki yana zuwa da takardar lambobi. Guda uku ne suka fi muhimmanci.

Ta farko ita ce daɗewa: yawan digirin da kiranshaf ke juyawa alhali bawul yana buɗe. Maƙeran Amurka suna auna ta daga inda tozo ya ɗaga da inci 0.050, wato milimita 1.27, zuwa inda ya dawo wannan matsayi, don a iya gwada na wannan kamfani da na wancan. A kula, akwai wata lambar daɗewa mafi girma da ake bugawa don talla, ta 0.050 ita ce abin dubawa.

Me ya sa daɗewa ke da tasiri haka? Saboda bawul na shiga ba ya rufewa daidai lokacin da fistan ya kai gindi. Yana jinkirtawa har fistan ya fara hawa. Iska tana da nauyi, idan ta taho a guje ba ta tsayawa nan take. Ka tuna garken shanu da suka sheƙo zuwa mashaya: ko makiyayi ya tsaya gabansu, na baya sai sun tura na gaba. Haka iska take a babban juyi, tana ci gaba da kutsawa cikin silinda duk da fistan ya juyo, don haka jinkirin rufe ƙofa riba ne. A ƙaramin juyi kuwa shanun tafiya suke a hankali, fistan na juyowa sai ya mayar da su waje ta ƙofar da aka bari a buɗe. Silinda ba ta cika ba, matsi ya ragu, murɗa ta faɗi. Wannan wuri, inda bawul na shiga ke rufewa, shi ne ya fi komai tasiri a halin inji.

Ga misali daga kamfanin Edelbrock na Amurka, wanda ke yin kamshaf biyu ga injin Chevrolet mai silinda takwas. Wanda ake kira Performer, na yau da kullum da jan kaya, daɗewarsa digiri 204 a shiga, 214 a fita, kuma aikinsa daga silo ne zuwa juyi 5,500. Ɗan'uwansa Performer RPM yana da 234 da 244, aikinsa kuma sai daga 1,500 zuwa 6,500. Digiri talatin kacal suka ɗauke injin suka hau da shi da juyi dubu guda. Na ainihin filin tsere sun fi haka nisa. Kada a kwafi waɗannan lambobi kai tsaye zuwa Hilux, domin ƙaramin inji mai silinda huɗu ya fi jin nauyin daɗewa fiye da babba. Darasin dai ɗaya ne: na jan kaya gajere ne.

Lamba ta biyu ita ce ɗagawa, wato nisan da bawul ke buɗewa. Ƙarin ɗagawa kaɗan ba tare da ƙarin daɗewa ba yakan taimaka wa numfashi bai taɓa murɗar ƙasa sosai ba, shi ya sa kamshaf na jan kaya mai kyau yake bin wannan hanya. Amma tana da iyaka: sifirin na iya matsewa har zobbansa su haɗe, ko bawul ya gaisa da fistan, gaisuwar da ba a tashi lafiya.

Ta uku ita ce tazarar tozaye, kusurwar da ke tsakanin ƙololuwar tozon shiga da ta tozon fita, wadda yawanci ke tsakanin digiri 106 da 116. Ita da daɗewa su ke haifar da abin da za mu kira haɗuwa: ɗan lokacin da bawul na fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya riga ya fara buɗewa. A babban juyi, hayaƙin da ke ficewa yana jawo sabuwar iska a bayansa. A ƙaramin juyi kuwa hayaƙi ne ke komowa ya gurɓata ta, ɗanyen mai kuma ya bi salansa ya tafi. Tazara mai faɗi, kamar 112 zuwa 114, tana rage haɗuwa, ta ba da silo mai natsuwa da murɗa shimfiɗaɗɗiya. Ita ce ta mai kaya.

Abin da babban kamshaf ke jawowa

Wannan gurnani mai tsalle-tsalle da samari ke so a bidiyo, sautin inji ne da ke shaƙewa da hayaƙinsa a silo. Mai jin daɗinsa yana biyan kuɗinsa ta hanyoyi huɗu.

Na ɗaya, birki. A motar fetur, baƙin farantin nan mai kumburi da ke bayan fedar birki, wato busta, yana aiki ne da zuƙar da injin ke yi. Lafiyayyen inji yakan nuna inci 17 zuwa 21 a agogon awon zuƙa idan yana silo. Haɗuwa mai yawa tana zubar da wannan zuƙa, feda ta yi tauri, birki ya ƙi kamawa da wuri. Ka ƙiyasta wannan da tan biyu a baya, ga tankin ruwa yana turo ka, ga yaro ya ƙetaro da awaki a bakin kasuwa.

Na biyu, kuloci. Tunda injin ba shi da ƙarfi a ƙasa, sai direba ya taka totur ya kai juyi 3,000 yana sakin kuloci rabi-rabi kafin motar ta motsa. Warin da ke tashi farantin kuloci ne ke ƙonewa. A cikin yashi kuwa, ƙarfin yakan zo gaba ɗaya a lokaci guda, taya ta yi ta haƙa har motar ta zauna a kan cikinta.

Na uku, mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowane direba ya koyi ƙirga lita. Man da ke fita ta salansa bai ƙone ba, ribar yini ce ke bin iska.

Na huɗu, zafi. Injin da ake tilasta wa babban juyi alhali motar tana rarrafe yana tara zafi, iskar da ke ratsa lagireto kuma ba ta da yawa. Daga nan sai tafasa, sai gasket, sai a ce inji ya buga.

Gajere ƙwarai ma yana da nasa

Kada wani ya ce to a nemo mafi gajarta. Kamshaf mai rufe ƙofa da wuri sosai yana ƙara matsi cikin silinda, matsi kuma idan ya gamu da zafi sai cakuɗin ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cin sa. Shi ne wannan ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani da ake ji idan mota na hawa da kaya. Idan ya daɗe yana huda fistan.

A ƙasarmu abin ya fi kusa. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Ƙa'idar iskar gas da muka karanta ta nuna cewa iska a digiri 45 ta fi ta digiri 15 sakayau da kusan kashi 9 cikin 100, wato injin ya riga ya rasa wannan kaso na abincinsa, ga shi kuma iskar ta shigo da zafinta. Ƙara da fetur ɗin 'yan bumburutu, wanda ba ka san da me aka gauraya shi ba. Saboda haka zaɓin hankali shi ne na asali, ko wanda ya ɗara shi da taki ɗaya kacal, wanda maƙerinsa ya rubuta ƙarara cewa na murɗa ne da jan kaya.

Wane inji ke cikin motarka?

Amsar tana sauyawa da irin injin, kuma huɗu ne aka fi gani a tashoshinmu.

Peugeot 504 a-kori-kura, wadda masana'antar PAN ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana harhaɗawa. Kamshaf ɗinta a cikin jikin injin yake, yana isar da saƙo sama ta sandunan turi. Canza shi aiki ne babba, kuma abin da tsohuwa irin wannan ke buƙata shi ne lafiyayyen na asali da saitin bawul daidai.

Hilux mai 22R. Kamshaf ɗaya ne a saman kan inji, sarƙa ke jan sa. Shi ne injin da aka fi yi wa kamshaf na kasuwa a ƙasashen waje, har da masu taushi na jan kaya, don haka a kansa ne zaɓi yake da ma'ana. Amma kafin nan a duba tazarar bawul, milimita 0.20 a shiga da 0.30 a fita idan injin na da zafi. A kuma duba robar da ke tokare sarƙa. Idan ta karye, sarƙar tana cin murfin gaba har ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Hilux mai gas, irin 3L da 5L. A nan a bar kamshaf ya huta. Matsin injin gas ya haura 20 bisa 1, alhali na 22R wajen 9 ne, don haka tsakanin fistan da bawul babu wurin wasa. Ƙarfinsa yana hannun famfon mai da nozul da iska mai tsabta. Abin tsoro a wurinsa bel ɗin tayimin ne, wanda ake canzawa a kilomita 100,000. Idan ya tsinke a kan tafiya, bawul da fistan sai sun yi karo.

Sabuwar Hilux mai 2TR-FE, cc 2,693, wanda ya fito a 2004. Wannan yana da VVT-i, dabarar da ke murza kamshaf na shiga gaba ko baya da matsin baƙin mai alhali injin na tafiya: ya rufe da wuri a ƙaramin juyi, ya jinkirta a babba. Wato matsalar da muka yini muna bayani, an riga an rage ta daga masana'anta. Sa masa baƙon kamshaf ba tare da gyara lissafin ƙwaƙwalwar motar ba, wadda makanikai ke kira birenbos, neman fitina ne. Abin da yake so shi ne baƙin mai na gaske a kan lokaci, domin datti yana toshe 'yar matatar da ke kai mai ga wannan dabara.

Kafin a zargi kamshaf

Sau da yawa motar da aka ce ba ta da ƙarfi, ƙarfinta na asali ne ya zube a hanya. A fara da mai araha. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana shaƙe inji. Sai awon matsin kowace silinda, sai fulogi da saitin wuta, sai kafireto, sai salansar da ta lotse ko ta toshe, sai birkin da ke riƙe taya, sai kulocin da ke zamewa.

Daga nan a dubi taya. Mai mota ya cire taya mai tsayin inci 28 ya sa mai 31 don ta yi kwarjini. Raba 28 da 31, za ka ga ya yar da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ke isa ƙasa. Babu kamshaf na jan kaya da zai dawo masa da wannan cikin sauƙi. Akasin haka, sauya haƙoran aksil na baya daga 4.10 zuwa 4.56 yana ƙara ƙarfin ja da kashi 11 cikin 100 a kowace giya. Abin da za a biya shi ne ƙarin juyi da ɗan mai a kan kwalta. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a sauya gaba da baya tare.

Sai kuma kamshaf ɗin da ke ciki, wataƙila cinyewa ya yi. Jabun baƙin mai da ƙura suna goge tozo har ya zama kamar bayan cokali, bawul ya daina buɗewa sosai. A nan iliminmu ke da amfani. Ɗauki maikiromita ka auna tozo daga gindi zuwa ƙoli, ka auna faɗinsa ta gefe, ka ɗebe na biyu daga na farko: abin da ya rage shi ne kimanin ɗagawarsa. Gwada tozayen shiga da junansu, na fita da junansu, sannan ka gwada da littafin motar. Idan ɗaya ya gaza, ka gano ɓarawon. Da wannan awo za ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tantance na Beljiyam mai rai daga wanda aka goge aka shafa wa mai, ka kuma tantance sabo na gaske daga mai kyan kwali. Araha ba ta ado.

Idan an yanke shawarar sawa

Sabon kamshaf ba ya zama da tsofaffin rokoki ko tafet. Kowane tsoho ya riga ya ɗauki siffar tsohon tozo, zai kuma cinye sabon cikin 'yan kwanaki. A canza su tare. Idan ɗagawa ta fi ta asali, a tabbatar sifirin zai ɗauka, sannan a liƙa ɗan yumɓun roba a kan fistan, a ɗaura kan inji, a juya da hannu sau biyu, a buɗe a auna kaurin inda bawul ya danna. Abin da aka saba nema shi ne aƙalla milimita 2 a shiga, 2.5 a fita.

A daidaita alamomin tayimin da natsuwa. Haƙori ɗaya na kuskure digiri ne masu yawa. Masu faifan digiri sukan gabatar da kamshaf da digiri 2 zuwa 4 don su sauko da murɗa ƙasa kaɗan, amma wannan aikin awo ne, ba na tsallake haƙori da ka ba.

Tashin farko shi ne mai hatsari. A shafe tozaye da man haɗa inji, a tayar, kada a bar shi silo. A riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 ana ɗan sauyawa har minti ashirin zuwa talatin, ido na kan allurar zafi. Bayan nan a zubar da man, a sa sabo da sabuwar matata, a sake duba tazarar bawul. Gwajin ƙarshe kuma da kaya ake yin sa, a hawa, kusa da gari. A kasa kunne ko akwai ƙarar tsakuwa, a taka birki sau uku a jere a ji ko feda ta taurare.

Abu ɗaya da kamshaf ba ya canzawa shi ne abin da sauran motar za ta iya ɗauka. Sifirin na baya da aksil da taya da birki duk suna nan a kan awon tan ɗaya da aka yi su. Mai jan wata mota ya nemi sandar ja ta ƙarfe maimakon igiya, ya rage gudu, ya bar tazara.

Ga mu ɗalibai

Akwai aikin da za mu iya yi da kayan da ke ɗakin gwaji. Duk wanda zai tafi SIWES a gareji, ya roƙi maigidansa tsohon kamshaf na 22R ko na 504 da aka yar. A ɗora shi a kan matokarai, a kafa agogon awo a kan tozo, a riƙa juyawa digiri goma-goma ana rubuta abin da allura ta nuna, a zana hoton. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ya fahimci daɗewa da ɗagawa da haɗuwa fiye da wanda ya haddace su don jarrabawa, kuma zai iya zama da bakanike ɗan shekara hamsin su fahimci juna. Bakaniken ya san sautin inji fiye da mu, mu kuma muna da lissafin da ke bayan sautin. Mai motar da ya samu shawarar mutum biyun nan zai kashe kuɗinsa a kan matata da lagireto da kuloci da kamshaf na asali mai lafiya, motarsa kuma ta fita daga yashi a giya ta biyu ba tare da ihu ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir baki ɗaya.